Maslina Ba Ta Sayarwa Ba Ce

Litinin, 9 ga Oktoba, da hantsi

Sarƙar ta iso. Jirgin fito na safe ne ya kawo ta cikin durom, an rubuta sunan Frane a jiki da baƙin fenti. Mai sauke kaya ya tsaya a bakin tasha yana ta ƙwala kira, "Frane! Ina Frane?" har wani ya ja hannunsa ya raɗa masa magana a kunne. Sai ya cire hula ya juyo wajena. Na ce, "Mayar da hularka, ba wanda ya mutu. Ni ce matarsa, kawo in sa hannu."

Tun watan Agusta mijina ya yi odarta. Ya ce tsohuwar sarƙar angar jirginmu Maslina tsatsa ta cinye ta, kuma dama ta yi wa jirgi mai nauyinta sirara. Wannan ta fi kauri, ta fi tsawo. Na ce ya bari sai baƙi masu yawon buɗe ido sun dawo baɗi. Bai ji ba. Yaushe ya taɓa ji?

Maza huɗu suna shan kofi a ƙofar shagon Dinko, ƙanin Frane, suna kallona ina zagaya durom kamar kaza ta ga kwando. Barba Lovre ne, tsohon masuncin da kwale-kwalensa ke ɗaure kusa da jirginmu, ya turo kurar da yake ɗaukar akwatunan kifi. Sai da suka ga mai shekara tamanin ya sa kafaɗa, sannan kunya ta tashe su. Dinko bai fito ba. Na hango shi ta gilashi yana ta goge kofin da ya riga ya bushe.

Talata, 10 ga Oktoba, da yamma

Na fara wanke daɓen jirgi daga gaba. Duk ƙazantar baƙin bana tana nan: man shafawarsu na rana, jan ruwan inabi, maiƙon kifin da na gasa musu. Sabulu, ruwan ɗumi, buroshi mai tauri. Ana bin layin daɓen ne, ba a gitta shi.

Barba Lovre ya zauna a kan ƙugiyar ɗaure jirgi yana ba ni shawarar da ban nema ba.

"Zorka, 'yata, wannan ba daɓe ba ne, tabarmar banɗaki ce. Roba! Uban Frane da ya ga an shimfiɗa roba a jirgi an yi mata zanen katako, da ya tofa yawu."

"Barba, katakonka da kake yabo shekara nawa na yi ina durƙusa masa da mai? Gwiwoyin nan nawa ne ko naka?"

"Me?"

"Na ce gwiwoyina ne!"

"To ai ba sai kin yi ihu ba."

Na kai har ƙofar ɗakin tuƙi na tsaya. Wurin da ke gindin sitiyari na rufe shi da tsohon bargo. Ba yau ba.

Alhamis, 12 ga Oktoba, da faɗuwar rana

Na je birnin Split. Na dawo.

Asabar, 14 ga Oktoba, da rana tsaka

Dinko ya zo, da kofi biyu a tire kamar mai zuwa biko. Ya tsaya a kan gaɓa, bai tako jirgin ba.

"Matar yaya, sannu da aiki."

"Ka ga aiki ne ka ce sannu, ko ka zo ka kama?"

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Wai akwai wani Bature ɗan Ostiriya da ya hau Maslina a bara, ya yaba ta. Wai mutumin kirki ne, zai kula da ita. Wai gara yanzu, tun tana da kyan gani, kafin hunturu ya shigo ba mai duba ta.

Na ce, "Ni da kake gani durƙushe a nan, me nake yi? Kitso?"

"Zorka, ki dubi gaskiya."

"Na dube ta ranar Alhamis. Kai yaushe ka je ka dube ta?"

Ya ajiye tiren a ƙasa ya tafi. Na shanye kofi biyun duka, don kada a yi asara.

Ba na sayarwa.

Lahadi, 15 ga Oktoba, bayan an taso daga coci

Fada ya sa sunan Frane cikin waɗanda ake yi wa addu'a. Duk kawunan da ke gabana suka juyo lokaci ɗaya. Na zuba wa bangon gaba ido har suka gaji.

A bakin ƙofa Teta Mande, maƙwabciyarmu, ta riƙe mini hannu biyu. "Oh Zorka! Ni da mijina ne, ko motsawa ba zan yi daga gefen gadonsa ba. Amma kowa da irin zuciyarsa. An ce jirgin ya yi fes."

Na ce, "Ya yi fes, Teta. Ki zo ki gani, amma ki cire takalmi."

Ba ta san cewa duk lokacin da na zauna a gefen gadon, juyar da fuskarsa yake yi bango ba. Ba kuma za ta ji daga bakina ba.

Talata, 17 ga Oktoba, da yamma

Ni da Barba Lovre mun zare tsohuwar sarƙa mun tara ta a gaɓa. Wasu zobban nata sun sirance kamar ɗan kunne. A kan wannan muke kwana da mutum goma sha biyu a bayan tsibiri! Frane ya yi gaskiya, kuma ina jin haushin hakan.

Muka ɗora sabuwar a kan injin da ke jan anga, na taka maɓalli. Ta yi tsalle, ta yi ƙara, ta zame, saura kaɗan ta tafi da yatsan Barba. Faifan injin, wanda ke da ramukan da zobba ke zama a ciki, na sirarar sarƙa ne. Wannan ta fi ƙarfin bakinsa.

Barba ya ce, "Frane ba wawa ba ne. Wanda ya sayi sarƙa ya sayi faifanta. Yana nan wani wuri. Ki tambaye shi mana."

Ya faɗa ne kafin ya tuna. Sai ya shiga neman tabarsa a aljihun da ba ta ciki.

Alhamis, 19 ga Oktoba, cikin jirgin fito, a hanyar dawowa

Na tambaye shi. Na sunkuya daidai kunnensa na ce, "Frane, ina ka ajiye faifan?" Idonsa ya zo kaina, ya tsaya, na rantse ya gane. Leɓensa ya motsa ta gefe ɗaya. Sannan bango.

Hannun damansa yana kan bargo inda ma'aikaciyar jinya ta ajiye shi tun safe. Na gyara masa shi duk da bai karkace ba. Na kai masa miyar kifi, na dawo da ita.

Lafiyata lau. Iskar teku ce take sa ido ruwa.

Asabar, 21 ga Oktoba, da safe

Na same shi! Na birkice rumbun jirgi, na birkice ɗakin kayan aiki, har ƙarƙashin gado na leƙa. Ashe yana ɗakin ƙasa, bayan tulunan man zaitun, an naɗe shi cikin tsohuwar rigar sanyinsa. Ɓoye mini ya yi, don ya san zan yi faɗa in na ga ya ƙara sayen wani ƙarfen. Shekara talatin da ɗaya da aure, har yanzu yana ɓoye mini kaya kamar wanda ya saci alewa.

Na zauna a kan matakala da rigar a cinyata. Ban san daɗewar da na yi ba. Warin man inji da taba.

Daga baya na tashi na ɗauki sifana.

Litinin, 23 ga Oktoba, da yamma

Faifai ya zauna. Noti ɗaya ya ƙi kwantuwa, na jiƙa shi da mai, na zage shi, na zagi wanda ya ɗaure shi, ya kwance. Na taka maɓalli, sarƙa ta shiga tana ƙara mai daɗi, zobe bayan zobe, ba tsalle.

Mun shimfiɗa ta a gaɓa don in yi mata alamar fenti duk bayan mita goma, yadda in ana sakinta za a san abin da ya tafi ruwa. Ja, fari, shuɗi. Kyanwar Teta Mande ta bi ta kan jan tun bai bushe ba, ta wuce gida. Na ji ihun daga nan. An ce kan farin zanen gadon da Teta ta shanya ta hau.

Yau na yi dariya. Na rubuta don kada in manta.

Ƙarshen sarƙar na ɗaure shi a cikin rumbu da igiya, ba da ƙarfe ba, yadda in ta ɓaci wuƙa za ta raba mu da ita. Haka Frane yake yi. Barba ya ce shi da waya yake ɗaurewa. Na ce shi ya sa kwale-kwalensa bai taɓa zuwa ko'ina ba.

Talata, 24 ga Oktoba, da rana

Tonka ta kira daga Zagreb sau uku. Na ɗauka a na ukun. 'Yata ta gaji muryar ubanta, amma ta fi shi iya lallashi, abin da ya sa ta fi shi haɗari.

Alhamis, 26 ga Oktoba

Bango.

Asabar, 28 ga Oktoba, da hantsi

Na ɗage bargon.

Tabon ya bushe ya yi duhu, ya shiga cikin layukan daɓen. Faɗinsa bai kai yadda nake gani in na rufe ido ba. Sabulu ya ɗauke na sama. Sauran sai da samfefa mai kaushi, a hankali, ana bin layi, kada a zauna wuri ɗaya ya yi rami. Amfanin robar da Barba ke zagi ke nan: launinta ɗaya har ciki, in ka kankare sama, na ƙasa sabo ne.

Ina cikin yi sai ga inuwa. Dinko ne da Baturen nasa, dogo, da jar fuska da farin wando. Yana murmushi yana shafa gefen jirgin kamar mai taya doki. Ya yi magana, Dinko ya fassara: wai bai taɓa ganin daɓen da aka kula da shi haka ba.

Na ce, "Gaya masa na gode. Gaya masa kuma ya ɗauke hannunsa."

"Zorka, don Allah, mutumin nan daga nesa ya zo."

"To ya san hanyar komawa ke nan."

Baturen ya ga samfefa a hannuna, ya ga inda nake gogewa, ya tambayi mene ne ya zube a wurin. Dinko ya buɗe baki. Ya dubi wurin. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta yi fari haka ba. Ya juya ya tafi ya bar baƙonsa tsaye, sai da mutumin ya bi shi da sauri.

Tabon ya fita tas. Ko ni ba zan iya nuna inda yake ba yanzu. Na ɗauka zan ji sauƙi.

Laraba, 1 ga Nuwamba, da yamma

Ranar ziyarar kaburbura. Tonka ta zo da furanni, muka kai wa iyayen Frane da nawa, muka kunna kyandir. Duk tsibirin yana maƙabarta, kowa yana gaishe mu da murya ƙasa-ƙasa kamar mun zo duba fili.

A gida na dafa ganye da dankali da kifi. Ta bari sai da na zauna.

"Mama, na yi magana da likita."

"Ci abincinki."

"Za su sallame shi kafin Kirsimeti. Gidan nan matakala ce tun daga ƙofa. Na samo muku wuri kusa da ni, a ƙasa yake, akwai likitocin gashin ƙashi a kan layin."

"A Zagreb. Ubanki. Ya buɗe taga ya ga me? Motar bas?"

"Mama, Baba ba zai sake hawa jirgin nan ba."

"Wa ya ce?"

"Likita."

"Likitan ya taɓa ganin jirgin?"

Ta ajiye cokali. "Kina goge daɓe, kina fentin sarƙa, mutane suna cewa kin taɓu. Ni kaɗai nake maganar abin da ya faru. Ko sunan ciwon ba ki taɓa faɗa ba. Faɗi, Mama. Faɗi sunansa."

Na ce gishiri ya yi kaɗan a ganyen, na tashi na ɗauko.

Ta yi kuka. Na riƙe ta, kanta a kafaɗata kamar tana ƙarama. Amma ban ce to ba.

Alhamis, 2 ga Nuwamba, da rana

Ban je Split ba, an dakatar da jirgin fito na yamma, Tonka ta samu na safe da ƙyar. Rediyo ya ce iskar kudu mai ƙarfi tana tafe gobe. Tasharmu bakinta kudu yake kallo. In irin wannan ta taso, ƙananan kwale-kwale a jawo su tudu, manyan kuma a zagaya da su lungun arewa a saki anga, in ba haka ba igiyar ruwa ta yi ta maka su da gaɓa har su farfashe.

Barba ya ce zai nemo wanda zai kai mini Maslina can. Kowa yana da nasa jirgin.

Sau ɗaya na taɓa shigo da Maslina tasha da hannuna. Ranar da Frane ya faɗi a gindin sitiyari ce, da baƙi suna ihu a bayana da harsuna uku. Ban san yadda na yi ba. Fita da ita kuwa ban taɓa ba.

Gobe zan taɓa.

Asabar, 4 ga Nuwamba, da hantsi, a lungun arewa



Jiya da sassafe ruwa ya riga ya fara hawa gaɓa. Na tayar da inji. Barba yana kwance mini igiya yana ihu, "A hankali! Baya tukuna! Baya na ce!" Igiyar ƙarshe tana faɗawa ruwa sai na ji dim a bayana. Dinko ne ya yi tsalle ya faɗo, da takalmin shago da ƙyallen aiki ɗaure a ƙugu.

"Uban me kake yi a nan?"

"In kin nutse, me zan ce wa yaya?"

"Ka fara zuwa ka ce masa sannu tukuna!"

A bakin tasha iska ta kama gefenmu ta tura. Na juya sitiyari, na makara. Maslina ta goga haƙarƙarinta na hagu da bangon dutse, ƙarar ta shiga mini har haƙori. Dinko ya kira sunan Uwar Yesu da na waliyyai biyu. Na ƙara wuta muka fita.

Ɗan masunci, jikan masunci, tun kafin mu zagaya kan tsibiri ya rataye a gefe yana amai. Na ce, "A ruwa, Dinko! Ka ɓata mini daɓe in jefa ka!" Ya ɗaga hannu ɗaya alamar ya ji.

A lungu jirage shida sun riga mu. Na zaɓi wuri mai yashi, na sa shi ya riƙe sitiyari, na rarrafa gaba na saki anga. Ja ya wuce, fari ya wuce, shuɗi, ja kuma. Na saki har sai da na ga ta kwanta yadda nake so. Jirgi ya ja baya, sarƙa ta miƙe, ta yi ƙugi, na ɗora tafin ƙafata a kanta ina saurare. In anga tana jan ƙasa, ƙafa takan ji kakkarwa. Shiru. Ta kama.

Da rana tsaka iskar ta kai ƙarshen haukanta, tana gangarowa daga kan tudu tana ɗebe ruwa sama. Jirgin da ke gabanmu angarsa ta sake, ya wuce ta gefenmu da mutanensa suna ta gudu a kai, sai da suka sake saki sau biyu. Mu ko taki ɗaya.

Muna zaune a ɗakin tuƙi, na ba shi busasshen burodi. Ya daɗe yana juya shi.

"Shi ya koya mini iyo, Zorka. A nan lungun. Ya jefa ni ya ce in na mutu zai gaya wa Mama." Ya ajiye burodin. "Na je har ƙofar asibitin sau biyu. Na sha kofi a tsallaken titi na dawo. Ba zan iya ganinsa a haka ba."

"Shi ma ba ya iya ganin kansa a haka. Ku biyu kun dace."

"Baturen nan, na ɗauka in jirgin ya tafi zan daina ganinsa ta gilashi kullum."

"To ka canja gilashi."

Ya yi dariya, ya koma gefe ya ƙarasa amansa.

Yau ruwa ya kwanta. Na leƙa na ga ciwon: fenti ya kankare tsawon hannu biyu, katako bai fashe ba.

Talata, 7 ga Nuwamba, cikin jirgin fito, da yamma

Dinko ya bi ni. Ya sa rigar coci. A ƙofar ɗakin ya tsaya, na tura shi da gwiwar hannu.

Frane ya gan shi, ya gan ni, ya juya bango. Dinko ya tsaya riƙe da hula yana cewa, "Yaya, ka yi kyau, wallahi ka yi kyau," har na ji kamar in mare shi.

Na ja kujera. Makonni ina gaya wa mutumin nan komai lafiya, gida lafiya, zaitun lafiya, kada ka damu. Yau na gaji.

Na ce, "Frane, na fita da Maslina ranar Juma'a. Ni na tuƙa. Na maka ta da bangon bakin tasha, na kankare mata gefen hagu tun daga tsakiya har kusan baya."

Dinko ya zaro ido yana girgiza mini kai.

Kan Frane ya fara juyowa. A hankali, kamar ana jan dutse. Fuskarsa ta yi ja. Hannunsa na hagu ya damƙi ƙarfen gado har gadon ya motsa. Bakinsa yana ta kokawa, iska tana fita ba magana, jijiyar wuyansa ta tashi. Ban taimake shi ba. Na naɗe hannu na ce, "Da ƙarfi kuwa. Duk gari sun ji."

Sai ta fito, a karkace, da yawu, amma ta fito.

"Ja… jaka."

Ma'aikaciyar jinya ta shigo da gudu ta tarar da Dinko zaune a ƙasa yana kuka cikin hularsa, ni ina dariya har ina riƙe ciki, mara lafiya kuma yana dukan katifa yana maimaitawa, "Jaka! Jaka!" Ta tambaya ko lafiya. Na ce mijina ne yake mini magana, ta ba mu wuri.

Na kira Tonka daga tasha. Ta ce, "Me ya ce? Mama, me ya ce?" Na gaya mata. Sai ta ce, "To ai Baba ne." Maganar Zagreb ba ta taso ba. Za ta taso, na sani, da maganar matakala, da sauran. Su zo.

Ranar Alhamis zan gaya masa abin da na yi wa injin. Ban yi masa komai ba, amma kafin jirgin fito ya kai Split zan ƙirƙiro.